Jerin gicciye a bakin tekun Kalifoniya: yaya ake shirya shi, kuma su wa ake ƙirgawa?

Larai_K

Assalamu alaikum. Akwai hotunan wani bakin teku a Amurka da aka jera dubban fararen gicciye a cikin yashi kamar maƙabarta, an ce tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙi ne ke kafa su. Don Allah masana, su waye su, kuma ta yaya ake kafa abu mai yawa haka a kwashe shi a rana guda? Me ya sa wasu gicciyen ja ne? Sannan mutanen Iraƙi da aka kashe suna cikin lissafin?

Malam_Tanko

Wa alaikumus salam, Malama Larai. Sunan wurin Arlington West, an aro shi daga babbar maƙabartar sojoji ta Arlington da ke jihar Bajiniya. Wani kafinta, Stephen Sherrill, ya fara shi a Santa Barbara a Nuwamban 2003, sai 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙi, Veterans For Peace, suka rungumi aikin. A Fabrairun 2004 reshensu na Los Angeles ya buɗe na Santa Monica, kusa da gadar shiga teku, wanda shi ne aka fi ɗauka a hoto. A shekarun yaƙin Iraƙi, ranar Lahadi ake kafawa tun da asuba, a kwashe kafin dare. Ba kowa a ƙarƙashin yashin, alama ce kawai.

Dalilin kafa shi yana da muhimmanci. Tun 1991 ma'aikatar tsaron Amurka ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji idan an sauke su a sansanin Dover, ba a ɗage hanin ba sai 2009. Wato a shekarun da yaƙin Iraƙi ya fi zafi, mutanen ƙasar lamba kawai suke ji a labarai. Shi ya sa 'yan mazan jiyan suka zaɓi wurin da jama'a ke zuwa shaƙatawa, suka kuma ajiye akwatunan gawa na kwaikwayo lulluɓe da tuta a gaban layukan.

Launi kuwa, fari soja ɗaya ne, ja sojoji 10, shuɗi waɗanda aka kashe a makon. Akwai masu jinjirin wata da masu tauraron Dauda, domin ba duk mamatan ne Kirista ba. Jan ya shigo ne da adadin ya fi ƙarfin masu aikin. Ki lissafa: sojojin Amurka kusan 4,500 suka mutu a Iraƙi. In kowace alama ta ci murabba'in mita 1, ana buƙatar murabba'in mita 4,500, fiye da rabin filin ƙwallo. In kafa ɗaya na cin daƙiƙa 10, aikin awa 12 da rabi ne ga mutum ɗaya, ko minti 50 ga mutum 15, ban da sauke kaya, auna layi da kwashewa da yamma.

Abin da ke ɓata irin wannan aiki sananne ne. In ba a fara ja igiya mai alamar tazara tsakanin turaku biyu ba, layi na karkacewa, kuma da ya karkace kamannin maƙabartar soja ya tafi. In ƙafar katakon ba ta da tsini ko ba ta shiga yashi sosai ba, iskar yamma na kayar da shi. Gishirin teku na cin ƙusa, yana ɓare fenti, don haka gyara ba ya ƙarewa. Dole kuma a kafa sama da inda ruwa ke kaiwa in teku ta ciko.

Hajiya_Mairo

Malam Tanko ya bar tambaya ta ƙarshe, kuma ita ce mai nauyi. A'a, 'yar'uwa, ba a kafa wa 'yan Iraƙi alama ɗaya-ɗaya ba. Allo aka sa mai bayanin cewa da za a yi musu haka, da sun cika bakin tekun gaba ɗaya. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ke tattara mutuwar fararen hula daga rahotannin jaridu, asibitoci da ɗakunan ajiye gawa, ta ƙirga sama da 180,000 tun 2003, kuma ita kanta tana cewa wanda aka rubuta ne kawai. Da ma'aunin Malam Tanko, filin ƙwallo 25 ke nan.

Matsalar ba ta fili ba ce kaɗai. Soja yana da lamba, runduna, ranar haihuwa da ofishin da ke sanar da iyalinsa. Matar da bam ya faɗa wa gidanta a Falluja ba ta da ko ɗaya, wani lokaci ma waɗanda za su faɗi sunanta sun tafi tare da ita. Saboda haka ko wurin tunawa na masu ƙin yaƙi sai ya ƙare da sunayen ɓangare guda, ɗaya ɓangaren kuma jimla a kan allo. Wannan giɓi ne na gaske, bai kamata a rufe shi da yabon niyyarsu ba.

Akwai waɗanda suka gwada wata hanya. Ƙungiyar American Friends Service Committee ta fara baje kolin Eyes Wide Open a Chicago a Janairun 2004 da takalman soja ƙafa 504, kowanne da sunan mamaci, tare da takalman gida na maza, mata da yara a madadin 'yan Iraƙi. Zuwa 2007 takalman sojan sun haura 3,400, jigilarsu ta gagara, aka raba su jiha-jiha. Wanda ya fi kowa cika aikin a ganina shi ne wurin tunawa da mamatan Yaƙin Duniya na Biyu na Okinawa a Japan, da aka buɗe ranar 23 ga Yunin 1995. Sunaye sama da 240,000 ne a kan duwatsu, soja da farar hula, Japanawa da Amurkawan da suka yaƙe su, ba muƙami, ba bambancin ɓangare. Gwamnan da aka yi aikin a zamaninsa, Masahide Ota, yana ɗalibi aka sa shi cikin yaƙin a 1945. Har yanzu duk shekara ana ƙara sunaye.

Abban_Sadiq

Ƙari kan maganar Hajiya: dutse ma yana da nasa tuntuɓen. Bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Biyetnam, da ke Washington, wanda tsohon soja Jan Scruggs ya jagoranci tara kuɗinsa kuma Maya Lin ta zana, an buɗe shi a 1982 da sunaye 57,939, yau sun haura 58,000. An jera su ne bisa ranar da mutum ya faɗi, don waɗanda suka mutu tare su kasance tare, shi ya sa sai da littafin jagora ake gano suna. Kowane suna na da alama a gefe: mai kusurwa huɗu ga wanda aka tabbatar da mutuwarsa, ƙaramin gicciye ga wanda ya ɓace. In an gano gawar, sai a sassaƙa ta farkon a kan ta biyun. Kuskuren takardu ya sa an sassaƙa sunayen wasu da ke raye, kuma dutse ba ya gogewa, sai dai a cire su daga littafin. Waɗanda ciwon gubar Agent Orange (maganin kashe ciyayi da sojojin Amurka suka fesa a yaƙin) ko ciwon damuwar bayan yaƙi ya kashe daga baya ba sa bangon, ƙaramin allo aka yi musu a 2004. Karanta sunayen da baki na cin kusan awa 65. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ce ta rasa fararen hula kusan miliyan 2 da mayaƙa miliyan 1.1.

Bangon bai furta cewa yana adawa da yaƙi ba. Wanda ya furta ƙarara shi ne na ƙauyen Gentioux a Faransa, na 1922: sunaye 58, da siffar maraya ya ɗaga dunƙulallen hannu wajen rubutun da ke la'antar yaƙi. Magajin garin, Jules Coutaud, tsohon soja ne da ya shaƙi iskar guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wakilin gwamnati ya ƙi zuwa buɗe shi.

Larai_K

Allah ya ƙara ilimi. Amma Malam, iyayen sojojin sun yarda a sa sunan 'ya'yansu a wurin zanga-zanga?

Malam_Tanko

Ba duka ba, Malama. A Agustan 2005, lokacin da Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta Casey a Bagadaza a 2004, ta yi zaman dirshan kusa da gonar Shugaba Bush a Crawford, an jera irin waɗannan gicciye a gefen hanya. Wasu iyaye sun zo sun cire na 'ya'yansu, suna cewa yaran sun yarda da yaƙin da suka mutu a cikinsa. Wani mutum kuma ya bi ta kan layin da motar ɗaukar kaya cikin dare. Jerin sunayen na gwamnati ne, kowa na iya samu, amma samuwa ba izini ba ne. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a bar alama ba suna, a ajiye kati da alƙalami a kan tebur, wanda ke da mamaci ya rubuta da hannunsa ya maƙala. In an riga an sa suna kuma dangi suka nemi a cire, a cire a ranar, alamar ta ci gaba da tsayuwa don lissafi ya cika.

Maganar Hajiya kan wanda ba a rubuta ba ta shafe mu kai tsaye. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amince cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu suna yi wa Birtaniya hidima a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibi 'yan Afirka da Masarawa, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Wanda kakansa ya je Bama da runduna ta 81 ko ta 82 a yaƙi na biyu bai dawo ba, ya bincika rajistar hukumar a intanet, domin da yawansu suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. A gwada rubutun sunan iri-iri, kamar Momo, Mama da Amadu, a haɗa da sunan gari, tunda magatakardan soja kan rubuta mutum da garinsu a matsayin suna na biyu, irin Garba Sokoto ko Musa Katsina.