Shin hasken leza yana gyara zuciya bayan bugun zuciya?

Ɗiyar Mokoyo:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya gamu da bugun zuciya wata 4 da suka wuce, kuma hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ya nuna wani sashe na zuciyarsa ba ya motsi yadda ya kamata. Yanzu ko masallacin ƙofar gida ya je, sai ya zauna ya huta kafin ya dawo. Wani ɗan uwanmu ya turo bidiyo ta WhatsApp mai cewa hasken leza yana farfaɗo da naman zuciyar da ya mutu, har yana son mu haɗa kuɗi mu sayo na'urar. Akwai gaskiya a ciki?

Ma'aikacin jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Idan jijiya ta toshe har naman zuciya ya mutu, cikin makonni kaɗan tabo ne yake maye gurbinsa, kuma tabo ba ya komawa tsoka. Maganar leza tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Masu bincike a Jami'ar Tel Aviv sun haska leza mai rauni a kan ɓeraye da karnuka da aladu, wani lokaci ma a kan ɓargon ƙashin ƙafa, suka ga tabon ya ragu. Sai dai an yi hakan ne jim kaɗan bayan bugun, tun kafin tabon ya kafu, ba bayan wata 4 ba, kuma gwajin da aka yi wa mutane ƙalilan ne.

Ɗan Bagalam:
Akwai wata hanyar dabam da Amurka ta amince da ita a 1998, inda ake buɗe ƙirji a huda ƙananan ramuka a bangon zuciya da leza. Ciwon ƙirjin da ya gagari magani aka yi ta don shi, kuma ramukan kan toshe daga baya. Ba aikin na'urar hannu ba ne. Hajiya, a ganina kuɗin nan gara su tafi farmasi, don kada asfirin da maganin tansiyo (hawan jini) da na kitsen jini su yanke masa ko kwana ɗaya.

Ɗiyar Mokoyo:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin za mu koma wajen likitan zuciya, zan nuna masa bidiyon, in kuma gaya masa ƙafafun Baba sun fara kumbura da yamma.