Ɗiyar ƙanwata na son seri A, ubanta ya ce sai C

Kawun Nana, Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan boko. Ɗiyar ƙanwata ta ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, an kuma tura ta seri C, ɓangaren lissafi da fizik a lise (babbar sakandare), saboda makinta na lissafi ya yi kyau. To ita hankalinta ba can yake ba. Tana da wani kaye mai shuɗin bango da take ɓoyewa ƙarƙashin katifa, cike da labaran da ta ƙaga da Hausa, gefen kowane shafi ta zana mutanen labarin har da ɗaurin kallabinsu. Ta ce seri A take so, ɓangaren adabi da harsuna. Ubanta ya ce faufau, A ta raggaye ce da masu gudun lissafi, shi likita yake son ta zama. Uwar ta rasa ta cewa, sai aka ɗora mini. Ni kuwa kayan babur nake saidawa, bokona bai yi nisa ba. Mi kuka gani?

Tsohon mushe (malamin makaranta):
Wa alaikumus salam Malam. Abin da ya kamata ku sani kafin komi: daga C a koma A ba wuya, amma daga A a dawo C ko D (ita ma D ta kimiyya ce) kusan ba a yi, don lissafi da fizik ɗin da aka wuce yaro ba ya cim musu. Likitanci kuma sai da bak (jarrabawar gama lise) ta C ko D. Sannan jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo, nan Maraɗi, ta fi karkata ga kimiyya, noma da kiwon lafiya. Mai bak A galibi sai ya tafi Damagaram ko Yamai don adabi da tarihi, ko Tawa don shari'a. Ku tambayi kanku tun yanzu ko ubanta zai bar ta ta yi nisa da gida.

Amma ka gaya mashi maganar raggaye ba gaskiya ba ce. Na tsare ɗakin jarrabawa ranar filo, wato falsafa, na ga zaƙaƙuran ƴan C sun cinye murfin bik ba su cika shafi ba.

Ɗan Tasawa:
Ni wannan rabon ne ma ban yarda da shi ba. Ku dubi Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi. A Tasawa aka haife shi a 1929, masanin fizik ne, ya ƙare rayuwarshi kan binciken amfani da hasken rana. Shi ɗin dai ne a 1964 ya wallafa littafi guda kan ilimi a Afirka, inda ya bi tarihin tarbiyyar gargajiya da makarantar ƴan mulkin mallaka, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Wane seri za ku sa wannan? Ta yi C ɗinta, ba wanda ya ƙwace mata alƙalami.

Maman Walida, unguwar Zariya:
Yaya Ɗan Tasawa, faɗi ya fi yi sauƙi. Ƴa mace da ta dawo lise ga wanke-wanke, ga girki, ga aikin lissafi har dare, yaushe za ta yi rubutun? Ƙawata haka aka yi mata. An tilasta ta D, ta maimaita aji, ta faɗi bak, ƙarshe aka yi mata aure; ba likitancin, ba rubutun. Ni A na yi, yau ina koyarwa, ban kuma taɓa jin kunya ba. Ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Wa zai rubuta wa yara littattafan, har da na kimiyyar? Ai sai wanda ya iya sarrafa harshe.

Kawu, duk an yi ta maganar makinta, ba wanda ya ce ko tana son lissafin ko iya shi kawai ta yi. Ka zaunar da ita, ba gaban ubanta ba.

Kawun Nana, Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan kira ta gidana ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Mushe, maganar Damagaram ɗin nan ita za ta fi yi wa ubanta nauyi, don ko Tibiri ba ya barinta ta je ita kaɗai. In ta fara C ta ga ba za ta iya ba, ƙarshen shekara ake neman canjin, ko ana iya yi tun tsakiya?