Tambaya kan gidan tarihin yaƙin 'yancin Amurka da ranar tunawa da sojojin da suka kwanta dama

Baban Halima:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta biyu ke nan a birnin Filadelfiya, kuma yarana sun matsa mini lamba in kai su gidan tarihin yaƙin neman 'yancin kan Amurka a hutun ƙarshen watan Mayu, lokacin da ake tunawa da sojojin da suka mutu a fagen fama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na ji cewa wannan rana ba ta da alaƙa da yaƙin 'yanci tun asali. To, me ya sa gidan tarihin ya ɗauke ta da muhimmanci haka? Sannan shin zaman makoki ne ko shagali, domin in san yadda zan shirya yaran?

Ɗalibin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Baban Halima. Abin da ka ji gaskiya ne. Ranar ta samo asali ne daga yaƙin basasar Amurka, wanda ya zo shekaru kusan tamanin bayan yaƙin 'yanci. A 1868 Janar John Logan, shugaban wata ƙungiyar tsofaffin sojojin Arewa, ya yi kira da a riƙa ƙawata kaburburan sojoji da furanni a ranar 30 ga Mayu. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka faɗaɗa ta ta haɗa duk wanda ya mutu yana yi wa ƙasar yaƙi, sannan daga 1971 aka mayar da ita Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Da wannan faɗaɗawar ne mutanen yaƙin 'yanci na 1775 zuwa 1783 suka shiga ciki, kuma su ne na farko a jerin, tunda kafinsu babu wata ƙasa mai suna Amurka da za a ce an mutu dominta. Shi kansa gidan tarihin an buɗe shi ne ranar 19 ga Afrilu 2017, ranar da ta yi daidai da ranar da aka yi arangamar farko ta yaƙin 'yanci a garuruwan Lexington da Concord. Kada kuma ka haɗa ranar tunawar da ranar 11 ga Nuwamba, wadda ta tsofaffin sojoji ce, rayayyu da matattu.

Maman Usman:

Yallaɓai, mun kai namu yaran bara, kuma zan ce abin yana tsakanin biyun. A cikin ginin akwai ma'aikata da ke sanye da tufafin wancan zamani, suna nuna wa yara kayan da soja yake ɗauka a jakarsa da irin abincin da yake ci, kuma yara suna yin tambaya yadda suka ga dama. Wurin da kowa ya yi tsit shi ne ɗakin da ake nuna tantin George Washington, kwamandan sojojin 'yanci, wanda ya kwana a cikinsa lokacin yaƙin. Sai an gama wani gajeren fim sannan a ɗaga labule a gan shi. Ɗana ya fi sha'awar ɓangaren da ke bayani kan ƙabilar Oneida, 'yan asalin ƙasar da suka zaɓi mara wa 'yan tawayen da ke neman 'yanci daga Ingila baya. Ku duba jadawalin shekarar kafin ku fita, domin shirye-shiryen suna canzawa.

Malamin Firamare:

Ni shawarata ta bambanta kaɗan. In har manufar ita ce tunawa da matattu, to kada ku tsaya a gidan tarihin kawai, ku taka da ƙafa zuwa dandalin Washington Square, wanda bai wuce tafiyar 'yan mintoci ba. A yau lambu ne mai bishiyoyi inda mutane ke zama su ci abincin rana, amma a ƙarƙashinsa manyan ramuka ne da aka binne sojoji a ciki ba suna ba alama. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, ya zagaya wurin a 1777, ya rubuta a wata wasiƙa cewa mai kula da maƙabartar ya gaya masa an binne sojoji sama da 2,000 a nan. A wurin ne kabarin sojan da ba a san sunansa ba yake, da wuta mai ci dare da rana a gabansa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, ganga da kayan sarki da bindigogi suna sa yaro ya ɗauka cewa kowane soja da harsashi ya mutu. Alhali kuwa mafi yawansu cuta ce ta kashe su, irin su agana da zazzaɓi da atini, ko kuma wahalar kurkuku. A sansanin Valley Forge, a sanyin 1777 zuwa 1778, kimanin mutum 2,000 suka mutu ba tare da an gwabza wani yaƙi a wurin ba. A gaɓar Brooklyn da ke New York kuma Ingila ta tsare fursunoni a cikin tsofaffin jiragen ruwa, kuma hasumiyar da aka gina a Fort Greene tana tunawa da mutum sama da 11,500 da suka mutu a cikinsu, adadin da ya zarce na waɗanda suka faɗi a fagen daga gaba ɗaya. A ganina gidan tarihin da ya yi bikin wannan rana bai faɗi haka ba, bai cika aikinsa ba.

Ɗalibin Tarihi:

Malam ya yi gaskiya, sai dai in ƙara da cewa gidan tarihin bai ɓoye wannan ɓangare ba, kuma yana ba da labarin baƙaƙen fata da suka yi yaƙi a ɓangarorin biyu, wasunsu suna neman nasu 'yancin daga bauta.

Baban Halima:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Za mu fara da dandalin da safe, tunda na karanta cewa tutoci suna zama a rabin sanda har zuwa tsakar rana, daga nan mu wuce gidan tarihin. Maman Usman, awa nawa kuka yi a ciki da yaran?