Wace ƙasa ce ta dace da saiwar baleriyan, laka ko jigawa?

Manomin Toro: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara. Ƙanina ne ya aiko min da irin baleriyan daga Jamus, ganyen nan da Turawa ke shan saiwarsa don samun barci, to gonata biyu ce, ɗaya fadama ce mai baƙar laka ɗaya kuma jigawa ce rairayi zalla, wacce zan zuba shi? Irin ɗan kaɗan ne a takarda, bana son na yi asararsa.

Baban Khadija, Dadin Kowa: Wa alaikumus salam. Malam kar ka kai shi laka wlh, ni na gwada a bakin ruwa nan wajenmu, ganye ya yi kyau amma ranar tono na sha wahala, saiwar tasa siraran jijiyoyi ne cunkus kamar gemu, laka ta shige tsakaninsu ta ƙanƙame, kana wankewa suna tsinkewa, wasu kuma da na tsaga sai na ga cikin ya yi baƙi ya ruɓe saboda ruwa ya kwanta masa. Yana son danshi sosai amma ba ya son ƙafarsa cikin taɓo. Jigawar taka ma zalla ba za ta riƙe masa ruwa ba. Ka samu gefen fadamar inda yashi ya haɗu da laka, ka zuba ruɓaɓɓen kashin shanu, ka tsince duwatsu, ka ɗaga kunya.

Ɗan Yelwa: Gaskiya ni zafi ya fi damuna, tsiron ƙasar sanyi ne, Holan da Jamus da Folan ake nomansa. Sa'arka ɗaya Toro na kusa da Jos. Kuma kar ka ajiye irin ya daɗe, saurin mutuwa gare shi, sannan kar ka binne shi da zurfi, haske yake so kafin ya tsiro.

Hajiya mai magani: Ɗana in Allah ya sa ka tono, ka shanya a inuwa, zafin kar ya wuce digiri 40, rana na kore man da ake nema a ciki. Warin da za ka ji in ta bushe kar ya tsorata ka, haka take, kuma ka ɓoye ta daga kyanwa don har birgima take yi a kai.

Manomin Toro: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya to in ya fara fure na yanke ko na bar shi?

Hajiya mai magani: Yanke, ƙarfin ya koma ƙasa, sai dai ka bar biyu ko uku don iri.