Muhawara: Shin Waswasi, Maita da Jaraba Duk Rassan Hauka Ne?

Edita: Ga batun da ya raba kanmu. Wani ya ce "taɓin hankali" sakaya ce kawai, hauka dai hauka ne, kuma waswasi da maita da jaraba duk 'ya'yansa ne, girma ne ya bambanta su. Ni kusan na yarda, domin Bahaushe yakan ce wane ya haukace a kan ƙwallo, ya kuma ce mayen ƙwallo ne, ma'ana guda. Me kuka gani?

Malamin Hausa: Hajiya, kalmar hauka aiki uku take yi, kin haɗa su wuri ɗaya. Akwai ainihin ciwon hauka. Akwai ƙarfafa zance: mahaukacin gudu, mahaukaciyar guguwa, tsada ta hauka, inda ba a nufin hankalin kowa. Sai kuma haukan ganganci, wanda ke cikin karin maganar "tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta". Mai naɗe tabarmar nan lafiyarsa lau, borin kunya yake yi. "Ya haukace a kan ƙwallo" na rukuni na biyu ne. Shi kuwa maye asalinsa mai kama kurwa ne, aka aro shi ga wanda ya kama abu ya ƙi saki. Kada a ruɗa shi da maye na buguwa. Rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su.

Likita: Na goyi bayan Malam, musamman kan waswasi. Mai ciwon waswasi galibi ya san tunanin da ke damunsa ba shi da tushe. Ya san ya rufe ƙofa, amma sai ya koma ya duba sau goma, ko ya maimaita wanke hannu har fata ta tsage. Mukan fara kiransa ciwo idan yana cin fiye da awa 1 a rana ko yana hana aiki. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, yana jin muryoyin da babu mai yin su, ko ya tabbata ana bin sa za a kashe shi, kuma hujja ba ta girgiza shi. Na farko yana faɗa da tunaninsa, na biyu ya miƙa wuya. Maganinsu ma daban. Kiran mai waswasi mahaukaci shi ke sa ya ɓoye abin shekaru, domin tsoron da ya fi ci masa rai ke nan, kada ya zamana haukacewa yake yi.

Ustaz: Fiƙihu ma ya raba su, Likita. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum 3: mai barci, yaro, da mahaukaci har ya warke. Mai waswasi ba ya ciki. Salla na kansa, sai dai a ce masa ya yi watsi da kokwanto, kada ya sake alwala. Kalmar waswasi daga Larabci take, tana cikin Suratun Nasi, raɗa ce a ƙirji. Majanuni kuma tushensa ɗaya da aljani da aljanna, ma'anar tushen ita ce rufewa, wato wanda aka lulluɓe hankalinsa.

Edita: Allah gafarta Malam, na sallama waswasi. Amma taɓin hankali fa? Wanda aka ce ya taɓu kowa ya san me ake nufi. Taɓaɓɓe ma zagi ne, kamar zararre da zautacce.

Malamin Hausa: Ginin kalmomin ya bambanta. Mahaukaci ƙirar manomi da maɗinki ce, kamar haukan ne sana'arsa. "Mai taɓin hankali" kuwa mutum ne da ke ɗauke da lalura, kamar mai zazzaɓi.

Ustaz: Nan ban bi ka ba, Malam. Majinyaci da matafiyi ai ƙirar ke nan, kuma ana sallamar majinyaci, matafiyi yana dawowa gida. Nauyin ya fito ne daga abin da mutane suka ɗora wa kalmar, irin cewa mahaukaci ba ya warkewa sai dai ya sami sauƙi.

Malamin Hausa: Wannan gaskiya ne, na janye hujjar ƙira. Amma taɓi dai ya fi hauka fili, yana da ƙarami yana da babba.

Likita: Shi ma filin ya yi yawa, ana cusa masa abin da ba nasa ba. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, tsakanin tashi da tashi mai ita hankalinsa garau. Sambatun zazzaɓi mai zafi yakan zo cikin awoyi ko kwanaki, ya tafi idan an magance sanadinsa, kuma na gaggawa ne. A kira shi hauka a ɗaure mutum a ɗaki, ana iya rasa shi. Gigin-tsufa a hankali yake shiga, watanni zuwa shekaru, mantuwa ce kan gaba. Akwai kuma gushewar hankali bayan haihuwa, wadda kan sami mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a makonni 2 na farkon jego. Da magani ana warkewa, ita kaɗai ta isa ta rushe maganar da Ustaz ya kawo.

Edita: To jaraba, wa zai karɓe ta?

Malamin Hausa: Tushenta ɗaya da jarrabawa, wato gwaji. Jarababbe yana jin daɗin abin da ya kama shi, aƙalla da farko, ko caca ce ko sigari. Mai waswasi bai taɓa jin daɗin nasa ba. Naci kuma hali ne kurum, ƙulafuci da bege na zuciya ne.

Edita: Maita da jaraba na bar muku. Amma a kanun labari, "mai taɓin hankali" kalma 3 ce, mahaukaci 1, kuma mai karatu abu guda yake gani a ransa. Har yanzu ba ku nuna mini cewa sauya kalmar na sauya wannan hoton ba.