Boxer na hannu yana hayaƙi: in buɗe inji ko in mayar wa mai shi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Na sayi mashin Boxer na hannu, na biya rabi, sauran sai ƙarshen wata. Da safe sai na yi ta kik kamin ya tashi, salansa na fidda hayaƙi shuɗi-shuɗi, baƙin mai na raguwa alhali babu yoyo. Na ciro fulogi na tarar da bakinshi jiƙe da mai. Bakanike ya ce a buɗe inji, mai mashin ya ce in anka buɗe ba ya karɓa. In buɗe ko in mayar?

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Wanke kabireta kawai, ka sa sabon fulogi. Nawa haka ya yi.

Bakanike: Kabireta baƙin hayaƙi take kawowa, in fetur ya yi yawa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Ka lura: in hayaƙin na farkon tashi ne, ya ɗauke bayan inji ya yi zafi, robar bawul ce, aiki kaɗan. In kuwa kana murɗa wuta yana ƙaruwa, ringi ne, wataƙila har bulo, gidan da fistin ke kai da komo, ya ci.

Mai kabu-kabu: Ƙanena, mayar mishi! Ni anka yi wa wanga aiki. Wanda ya sayar min ya ɗura baƙin mai mai kauri don kada in ji ƙarar inji, mashin ya yi tsit kamar sabo. Ranar da na canza mai, ƙwanƙwasa ta fito. Na ɗauko wata tsohuwa da buhun gero zuwa Bodinga, tsakar rana cikin zafin Afrilu, inji ya kame bayan mun bar gari. Ni ga tura mashin, ga tsohuwa na tsine min. Bakanike ya ce ringi, na saya. Ya ce fistin, na saya. Daga baya ya ce kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin. Da na nemi tsofaffin kayana, wai yara sun zubar. Shekara guda ina biyan bashi.

Na Arkilla: Allah shi mayar da alheri. Nawa ka kashe?

Mai kabu-kabu: Ya haura dubu 70, ban da kwanakin da ban fita aiki ba.

Na Runjin Sambo: Haba dai! An cuce ka ne. Ni ringi da gaskit da kuɗin aiki duka dubu 18.

Bakanike: Yaushe? Wane ringi? Akwai mai araha da ba ya wata uku. Ku ke zaɓen mai araha, sannan ku zagi bakanike.

Mai kabu-kabu: Kai dai ba a tambayarka, ɗan'uwanka kake karewa. A tambayi wanda ke bisa mashin tun asuba.

Bakanike: Hawa daban, sanin ciki daban. Yaushe rabonka da wanke soson iska? Ƙurar hunturu ke shiga ta cinye muku ringi.

Baba na Gawon Nama: Yara, ku bar gardama. Ciniki da aibi ɓoye, a nemi shaidun da sunka halarta, a zauna da mai shi.

Na Runjin Sambo: Ko ya bar shi haka, Baba, maganin sauro ne kyauta. Duk Mabera ta huta.

Ɗan Mabera: Don Allah, shaida guda ne, kuma ƙanen mai mashin ne. Hayaƙin yana ƙaruwa in na murɗa. Yanzu me za ni yi?

Na Arkilla: Wane mai kake sha tukuna? In na 'yan bumburutu ne, shi ma matsala ne. Wasu na gauraya shi, kwalbar ma ba ta cika.

Mai kabu-kabu: Baƙin man ma fa? Galan a like, ka buɗe ka ga tsohon mai ne anka tace.

Na Runjin Sambo: Gidan mai ma lita ba lita ba ce. Jiya na sa na dubu 3, ko Dange ban kai ba.