Burauzar kwamfutar gida tana kai mu shafukan da ba mu nema ba, ina neman shawara

Malamin Firamare, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da kwamfutar tebur a gida mai Windows 10, ni ina shirya jarrabawar ɗalibai da ita, yara kuma suna aikin makaranta. Tun makon jiya Chrome ta sauya hali. Idan na buɗe ta, wani shafin bincike da ban sani ba ne yake fitowa maimakon Google, kuma duk abin da na rubuta sai ya kawo sakamako cike da tallan caca. Ga kuma saƙonni suna ta faɗowa a kusurwar allo, wai an gano bairos, in danna a goge. Na mayar da Google a saituna, amma da aka sake kunna kwamfutar sai abin ya dawo, yanzu ma wurin sauyawar ya dushe, ba ya dannuwa, kuma an rubuta "Managed by your organization" alhali kwamfutar ba ta wata ma'aikata ba ce. Shin sai an yi mata fomatin, ko akwai yadda zan tsabtace ta ba tare da na rasa takarduna ba?

Mai Gyaran Kwamfuta, Titin Beirut:

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka bayyana matsala biyu ce da suka haɗu, kuma ta farko ba ta kai yadda take tsoratarwa ba. Waɗancan saƙonni masu faɗowa ba daga manhajar tsaro suke ba, daga wani shafin intanet suke wanda aka danna masa "Allow" ya samu izinin aiko da sanarwa. Kada ka danna ko ɗaya. Rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, ka cire duk shafin da ba ka sani ba daga jerin masu izini.

Ta biyu ita ce mai nauyi. Wancan rubutu da ka gani yana nufin wata manhaja ta dasa wa Chrome ƙa'idojin da asali aka tanada domin kamfanoni da makarantu su riƙa sarrafa kwamfutocin ma'aikatansu, shi ya sa ta ƙwace maka ikon sauya injin bincike. Idan ka rubuta chrome://policy za ka ga ƙa'idojin da aka ɗora, kuma a kwamfutar gida bai kamata ka ga wadda take tilasta injin bincike ko wata ƙaramar manhajar burauza ba. Amma goge su tun farko aikin banza ne matuƙar manhajar da ta dasa su tana nan, domin za ta mayar da su duk sanda aka kunna kwamfuta. Saboda haka ka fara shiga jerin manhajojin da aka saka, ka jera su bisa kwanan wata, ka cire duk wadda ta shigo a daidai lokacin da matsalar ta fara. Yawanci sunayensu na yaudara ne, kamar mai sauya PDF ko mai ƙara saurin kwamfuta. Bayan haka ka sauke AdwCleaner daga ainihin shafin Malwarebytes, kyauta ce, kuma an yi ta ne domin irin wannan ƙazanta. Sannan ka shiga Windows Security ka zaɓi Microsoft Defender Offline, wanda zai sake kunna kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ta gama tashi, lokacin da bairos ɗin bai samu damar ɓuya ba. Yakan ɗauki kamar minti 15, don haka ka tabbata akwai wuta ko inbata, kada a ɗauke ana tsaka da aiki. Sai a ƙarshe ka duba chrome://extensions ka cire baƙin ƙananan manhajojin burauza, ka mayar da saitunan Chrome yadda suke na asali.

Ɗan Kurna:

Ni dai a ganina Malam kada ka wahalar da kanka. Ka kwashe takardunka a filash, ka kai a yi mata fomatin, a yini ɗaya an gama.

Ɗalibar Kimiyyar Kwamfuta, Dorayi:

Yayana na Kurna, fomatin yana da amfani idan abin ya gagara, amma sai an duba da me za a yi shi. Idan da Windows ɗin da aka fasa aka yi, tare da 'yar manhajar nan ta kunna Office ba lasisi, to sau da yawa ta nan ɓarnar take shiga tun ranar farko, kuma mai saka ta yakan kashe Defender, manhajar tsaron Windows, domin kada ya hana ta zama. Filash ɗin ma abin lura ne, musamman wanda ya zaga shagunan buga takardu, domin akwai bairos mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi (shortcuts), wato alamomi masu kama da su, da zarar an danna ɗaya ya kama sabuwar kwamfuta.

Malam, abin da na fi so ka gaggauta shi ne kalmomin sirri. Duk wanda aka ajiye a Chrome ko aka rubuta a kwamfutar cikin kwanakin nan, ka ɗauka wani ya gani. Ka sauya su ta wayarka, ba ta kwamfutar ba, ka fara da imel domin ta nan ake sake buɗe sauran asusu, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan an taɓa shiga banki ko rubuta lambar kati a kanta, ka duba bayanan asusunka. Haka kuma idan Chrome tana haɗe da asusun Google, ka dakatar da daidaitawa (Sync), wato kwafar saitunan Chrome tsakaninta da asusun, kafin ka fara sharar, in ba haka ba abin da ka cire zai iya dawowa daga asusun.

Malamin Firamare, Rijiyar Zaki:

Allah ya saka da alheri. Na samu wata manhajar sauke bidiyo da ta shigo ranar da abin ya fara, na cire ta, na bi sauran matakan, na sauya kalmomin sirri. Saƙonnin sun daina, Google ta dawo, sai dai har yanzu idan na buɗe Chrome daga alamarta ta kan allo, wancan shafi ne yake fara fitowa.

Mai Gyaran Kwamfuta, Titin Beirut:

To Malam, saura kaɗan. Danna alamar da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka duba layin Target. Ya kamata ya ƙare da chrome.exe, idan ka ga an liƙa wani adireshi a bayansa, ka goge adireshin, ko ka share alamar gaba ɗaya ka yi sabuwa. Ka leƙa Task Scheduler ma, wurin da Windows take tsara ayyukan da suke tashi da kansu, ko an bar wani aiki mai buɗe shafin a kan kari. Sannan ka sani Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ka duba ko kwamfutar za ta ɗauki Windows 11. Kafin nan, ka buɗe wa yara asusunsu daban wanda ba shi da ikon mai gudanarwa, yadda duk manhajar da za ta shiga sai an nemi kalmar sirrinka.